Yadda Ake Hawa Jirgin Ƙasan Haramain Daga Filin Jirgin Jidda

Wanda ya taɓa sauka a Jidda da niyyar Umara ya san gajiyar da ke jiransa bayan an buga masa fasfo: ga kaya, ga cinikin mota, ga zafi. Tun da aka buɗe layin dogon Haramain a 2018, wanda ya haɗa Makka da Madina ta Jidda, an samu sauƙi. Jirgi ne mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Talgo na ƙasar Sifen, yana jan wuta daga wayoyin da ke samansa, gudunsa kuma yana kai kilomita 300 a awa. Goshinsa dogo ne kamar bakin agwagwa, an yi shi haka don ya keta iska.

Mataki na farko tun kana gida ne: duba tikitin jirgin samanka ka ga a wane ɓangare za ku sauka. Tashar jirgin ƙasan tana manne da Terminal 1. Idan a ɓangaren arewa ko na alhazai aka sauke ku, sai ka shiga mota kafin ka isa tashar, kuma akwai 'yar tazara.

Na biyu, yanki tikitin jirgin ƙasan da wuri a manhajar HHR Train ko shafinsu na intanet. Za a nemi sunanka da lambar fasfo, ka zaɓi kujera, ka biya da kati. A nan mutane suka fi yin kuskure. Sai mutum ya ga jirginsu zai sauka ƙarfe 2, ya yanki tikitin ƙarfe 2 da rabi, ya manta da layin jami'an shige da fice da jiran akwati. Ni dai shawarata ka bar tazarar awa 3, musamman a watan azumi, lokacin da kujeru ke ƙarewa tun kwanaki kafin tafiya.

Na uku, kaya. Ka'idar ita ce babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba, da ƙaramar jakar hannu. Iyayenmu mata da ke tahowa da buhunan garin tuwo da kuka da daddawa, a gaya musu tun ana haɗa kaya, don kada a tsayar da su a ƙofa rai ya ɓaci.

Idan ka fito da kayanka, bi alamun jirgin ƙasa, ka nuna lambar da ke cikin tikitinka a na'urar ƙofa, ka nemi taragonka da lambar kujerarka. Ka isa da wuri, domin ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Zuwa Makka bai cika awa ɗaya ba, zuwa Madina kuwa wajen awa 2 ne.

Sai maganar harami, wadda ta fi duk sauran nauyi. Mai wucewa Makka kai tsaye daga Najeriya ko Nijar ya kamata ya riga ya ɗaura harami ya yi niyya tun a jirgin sama, kafin a gota miƙati. Wanda kuma ya fara da ziyarar Madina, ranar da zai taho Makka ya sani jirgin ƙasan ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Ya yi wanka ya sa haraminsa tun a masauki, domin tashi ke da wuya za a iso daidai miƙatin, babu lokacin canja tufafi. Wasu sukan hau mota su je masallacin miƙatin su yi niyya, sannan su wuce tasha. Ka tambayi malaminka kafin tafiya.

A Makka za ka sauka a unguwar Rusaifa, kilomita kaɗan daga Masallacin Ka'aba. Akwai bas da tasi a bakin tashar. Ka riƙe sunan otal ɗinka a rubuce da Larabci, ka nuna wa direba, ku kuma yi ciniki kafin ka sa kaya a mota.