Darasi Na Tara: Kan Jirgin Ƙasa, Mai Kwal Da Mai Gas

Kan jirgi shi ne ɓangaren da ke ɗauke da inji, shi ke jan sauran taragai. Jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano a 1911, bayan an shimfiɗo layin dogo daga Baro da ke bakin kogin Kwara. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan wannan layi ƙafa 3 ce da inci 6, wato milimita 1,067. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, nasa milimita 1,435 ne, saboda haka jirgin wancan ba ya hawa wannan.

Jirage masu kwal ne suka daɗe suna kwashe dalar gyaɗar Kano zuwa Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,100, da kwal ɗin da ake haƙowa a Enugu. Daga tsakiyar shekarun 1950 masu gas, wato man dizal, suka fara shigowa, a hankali suka karɓe aikin. Za mu duba yadda kowanne yake aiki da abin da ke tsayar da shi a hanya.

Mai kwal

Wannan doguwar gangar da ake gani kwance a kan ƙafafun jirgin tukunya ce cike da ruwa. A bayanta, gaban direba, akwai murhu. Siraran bututai masu yawa sun ratsa cikin ruwan daga murhu zuwa gaba, wutar tana bi ta cikinsu, tana dafa ruwan, hayaƙi ya fita ta sama. Tukunyar a rufe take ruf. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100, amma a nan tururi ba shi da mafita, sai ya taru ya danne ruwan, zafinsa ya haura digiri 190. Wannan matsi shi ne ƙarfin jirgin.

Idan direba ya ja hannun da ke buɗe hanyar tururi, tururin ya gangara cikin silinda, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Bawul yana shigar da shi ta gaban fistin ya tura shi baya, sannan ta bayansa ya dawo da shi. Dogon ƙarfe ya haɗa fistin da ƙafa, sai kai da komowar ta zama juyi. Tururin da ya gama aiki ba a zubar da shi haka nan. Ana harba shi sama ta bututun hayaƙi, yana fita yana zuƙo iska ta cikin murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Shi ya sa duk lokacin da jirgin ya ƙara himma wutarsa ma take ƙara ci. Sautin nan da tsofaffi ke tunawa na fitar tururin ne, sau huɗu a kowane juyin ƙafa idan silinda biyu ne.

Mutum biyu ke gaba: direba da mai hura wuta. Aikin na biyun ya fi ƙarfin zuba kwal da shebur. Kwal ɗin sai an watsa shi bai ɗaya, kaɗan-kaɗan. In an jibga da yawa iska ba ta ratsawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tururi ya ragu. In kuma an bar rami a wutar, iska mai sanyi ta shiga ta nan ta doki bakin bututai, ƙarfe ya tsuke, su fara yoyo. Tokar kwal kan narke ta dunƙule ta toshe ragar murhu, sai an farfasa ta da dogon ƙarfe an kwashe.

Babban haɗari dai yana wajen ruwa. Rufin murhu ƙarfe ne, wuta a ƙasansa, ruwa a samansa, kuma ruwan ne kawai ke hana shi laushi. Da zarar ruwa ya yi ƙasa rufin ya bayyana, sai ya yi ja, ya lotsa, matsin da ke kansa ya yaga shi. Ruwan da ke ciki kuwa ya riga ya wuce zafin tafasa, saboda haka da ya sami kafa sai ya rikiɗe tururi nan take, kuma tururi yana cin wuri kusan sau 1,600 fiye da ruwan da ya haife shi. Wannan ita ce fashewar tukunya. Don gudun haka ake sa gilashin duba ruwa a gaban ma'aikata, galibi guda biyu, kuma ana busa su a kai a kai domin datti kan toshe su su nuna ruwan da babu shi. A rufin murhun kuma akwai wasu matosai masu dalma a tsakiya. Dalma tana narkewa a digiri 327. In rufin ya yi zafi fiye da kima sai ta narke, tururi ya feso cikin murhu da ƙara, a gane akwai matsala. Abin yi a lokacin shi ne a ƙara ruwa, a zubar da wuta. A lura kuma, ruwa yana bin gangara: jirgin da ya hau tudu da ruwa daidai, da ya fara sauka ruwan zai gudu gaba ya bar murhu.

Shigar da ruwa cikin tukunyar da ke da matsi sai da dabara. Akwai wata na'ura da ke amfani da tururin kansa ta cusa ruwan ciki, amma tana son ruwa mai sanyi. A zafin bazara irin na Kano, idan ruwan tanki ya ɗumama sosai, takan ƙi kamawa. Guda biyu ake sa wa kowane kan jirgi.

Ingancin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwa mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓamɓaroki a jikin bututai, irin wanda ke kama cikin butar mai shayi. Wannan ɓamɓaroki yana tare zafi, kwal ya ƙone a banza, ƙarfe ya ci wuta. Ruwa mai datti kuma yana kumfa, ya bi tururi zuwa silinda. Ruwa ba ya matsuwa, in fistin ya doke shi murfin silinda na iya fashewa. Shi ya sa direba ke buɗe ƙananan famfunan ƙasan silinda idan zai tashi, ka ga farin tururi yana feshi ta gefe. Dole ne kuma a riƙa kashe wuta lokaci-lokaci a wanke tukunya, sannan sake tayar da tururi daga sanyi aikin awoyi ne, don gaggawa tana tsaga ƙarfe.

Kowane kilo na kwal yana shan ruwa kilo shida zuwa takwas. A ƙasar da rani ke yin wata bakwai, samar da wannan ruwa a tashoshi ba ƙaramin aiki ba ne. Ga shi kuma cikin kashi 100 na ƙarfin kwal ɗin, abin da ke isa ƙafafu bai kai kashi 10 ba. Mai gas yana ba da wajen kashi 30. Ko ba a faɗa ba, an san wanda zai ci kasuwa.

Mai gas

Mutane da yawa suna zaton injin gas ne ke juya ƙafafun jirgin kai tsaye. A manyan jirage ba haka ba ne. Injin yana juya babban janareta, janareta ya ba da wutar lantarki, wutar ta bi wayoyi zuwa motocin lantarki, wato na'urori masu juyawa da wuta, da ke ƙasa, huɗu ko shida, kowacce tana juya gatarinta, wato sandar da ta haɗa ƙafa biyu. Dalili kuwa, babu kulocin da zai ɗaga kaya tan dubu daga tsaye bai ƙone ba, ita kuwa motar lantarki ƙarfinta ya fi yawa daidai lokacin da take fara juyi.

Injin kansa ba shi da fulogi. Fistin yana matse iska zalla har ta ƙanƙance kusan sau 15, zafinta ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa gas, ya kama da kansa. Silinda 12 ko 16 ne a yawancinsu, kuma juyinsu a cikakken gudu wajen 900 zuwa 1,000 ne a minti. Hannun direba yana da mataki takwas a akasarin ƙira.

Maƙiyin wannan inji a Kano ƙura ce. Yana zuƙar iska mai yawan gaske, kuma a lokacin hunturu iskar cike take da ƙura. In matatar iska ta toshe, iska ta yi kaɗan, gas bai ƙone duka ba, sai baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. In matatar ta yage ko an cire ta, wannan ya fi muni: ƙurar ta shiga ta cinye ringi da bangon silinda, inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. Ƙurar tana kuma liƙe wa lagireto, ruwa ya kasa hucewa. Ana busa shi da iska daga ciki zuwa waje. Farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama yana nuna nozul ya lalace ko ruwa yana shiga silinda.

Kafin a tayar da inji da safe, a ja sandar awon baƙin mai. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In ya ƙaru da kansa, ya yi tsarara, yana warin gas, to gas ne ke zuba ciki. Ko wanne ne, kada a tayar. A duba ruwan lagireto, a tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin tankin gas da tankunan iska. Injin da ya daɗe a kashe kuma, a buɗe famfunan gwaji na silinda a juya shi tukuna, don in ruwa ya taru a kan fistin ya fita. Tayar da shi da ruwan a ciki yana lanƙwasa sandar fistin. Injin yana da na'urorin da ke kashe shi da kansu idan matsin mai ya faɗi, ko ruwa ya yi ƙasa, ko ya yi gudu fiye da ƙa'ida. Ɗaure su don a ƙarasa tafiya shi ne hanyar da ta fi saurin sa inji ya buga. Idan kuma ya mutu ana zargin wani boris, wato abin da sandar inji ke juyawa a kansa, ya yi zafi, kada a buɗe murfin gefensa sai ya huce sosai, domin iska tana shiga hucin man da ke ciki zai iya kamawa da wuta.

Motocin ƙasa suna da tasu matsalar. Jan kaya mai nauyi a hankali na dogon lokaci yana zuba musu wuta da yawa, wayoyinsu su ƙone, don haka direba yana lura da allurar awon wuta kada ta daɗe a ja. Da damina, in ruwa ya haura saman ƙarfen layi da kamar inci 3, ba a ratsa shi. Idan layi ya jiƙe ko mai ya zuba a kansa ƙafafu sukan yi ta juyi a wuri ɗaya. A rage wuta, a saki busasshen yashi daga akwatunansa. Jiƙaƙƙen yashi toshe bututu yake yi.

Birki kuwa bututun iska ɗaya ne ya ratsa dukkan taragai, kuma an tsara shi yadda in ya tsinke birki zai kama da kansa. Duk da haka ƙarfe ne a kan ƙarfe. Jirgi mai kaya da ke gudu yakan ci kusan kilomita guda kafin ya tsaya, kuma ba ya kaucewa. Masu kasa kaya a bakin layi da masu tsallakawa da babur su riƙe wannan.

Aiki

Rubuta amsa a littafinka. Me ke faruwa idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu? Wane irin hayaƙi inji ke yi idan matatar iska ta toshe? Idan kowane kilo na kwal yana buƙatar ruwa kilo 7, ruwa kilo nawa kwal kilo 500 zai sha?