Canza wa tsohuwar kwamfuta furosesa a zafin Damagaram

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke zuwa teburina a gefen Kasuwar Dole na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai aka lodo su zuwa nan: HP ProBook 4530s da 4540s, EliteBook 8460p da 8470p, Dell Latitude E6420 da E6430, sai ThinkPad T420 da T430 jefi-jefi. Duk ƴan 2011 da 2012 ne. Masu su kuwa ɗaliban Jami'ar André Salifou ne, da masu shagon buga takardu, da malaman makaranta, kuma bakinsu ɗaya: "Malam, ta yi nauyi, a sa mata i7." Wannan i7 nau'in furosesa ne na kamfanin Intel, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, kuma ana lissafa shi sama da i3 da i5. Wasu ana iya sa musu, wasu ba hanya, wasu kuma ana sawa su fi da lalacewa. A garin nan zafi ne ke yanke hukunci, ba lambar da ke jikin furosesa ba.

Kafin a taɓa sukundireba, a tabbatar furosesa ne mai laifin. Kunna kwamfutar, buɗe abubuwan da ka saba aiki da su, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Allon da zai fito yana nuna yadda kowane ɓangare ke wahala. In faifan ajiya ne ya tsaya a 100% alhali furosesa na zaune a 20 ko 30, to ciwon ba a nan yake ba. Cire tsohon faifan mai juyawa ka sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, ka ɗaga RAM, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, daga giga 4 zuwa 8. Wannan kaɗai yana sallamar mafi yawan masu kawo mini kuka. Wanda furosesansa ke manne a sama duk lokacin da ya buɗe manhajar zane ta AutoCAD, ko yana haɗa bidiyon biki, ko yana lissafi mai nauyi na makaranta, shi ne maganar nan ta shafa.

Tambaya ta gaba: furosesan yana cira kuwa? Iri biyu ne. Akwai mai ƙafafu ɗaruruwa da ke zaune cikin gurbi, ana kwance shi da juya noti ɗaya. Akwai wanda aka manne da dalma a jikin babban allon kwamfutar, shi wannan ya zauna ke nan. Ba sai ka buɗe ba: sauke CPU-Z, manhaja ce ta kyauta, ka duba layin da aka rubuta Package. In ka ga rPGA, misali 988B, yana cira. In ka ga BGA, rufe maganar. Harafin ƙarshen suna ma yana ba da labari. Duk mai ƙarewa da U, kamar i5-4300U na EliteBook 840 G1, a manne yake, haka mai HQ. Masu M da QM da MQ su ne galibi ke cikin gurbi, amma kar ka rantse da harafi: ThinkPad X220 da X230 suna ɗauke da M, kuma a manne suke. Daga zuriya ta biyar ta Intel, wato 2015 zuwa yau, sun daina yi wa irin waɗannan kwamfutoci gurbi. Za ka ji wani ya ce zai ɗaga na dalma da iskar zafi ya dasa wani. Ni ba na karɓar wannan aikin, kuma ba na tura kowa.

To, yana cira. Sai a nemo wanda gidan zai karɓa, kuma a nan kuɗin mutane ke salwanta. Zuriya ta farko, irin i5-520M, gurbinta G1. Ta biyu (masu lamba 2000, 2011) da ta uku (masu 3000, 2012) gurbinsu ɗaya, G2. Ta huɗu (masu 4000, 2013) nata G3, kamar a ThinkPad T440p. Matsalar tana tsakanin ta biyu da ta uku: ƙafafun suna shiga daidai, amma shiga ba karɓa ba ce. A jikin allon akwai wani ɗan guntu, cifset, shi ke cewa e ko a'a, kuma CPU-Z na nuna sunansa a shafin Mainboard. HM65 da QM67, waɗanda ke cikin 4530s da 8460p da T420, zuriya ta biyu suka sani. Ka sa musu i5-3320M, fanka ta yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin. HM76 da HM77 da QM77 su ne na zuriya ta uku.

Akwai ɗaya da ya fi su mugunta, HM70. Ana samunsa a ƙananan kwamfutoci masu arha da suka zo da ƙaramin furosesa, Celeron ko Pentium. Wani matashi daga Birni ya taɓa kawo mini tasa, an sa masa i5 a wani shago, ya biya, an kunna a gabansa ta tashi lafiya lau. Ya ce, "Yaya, da na fara aiki sai ta mutu, kamar mai agogo a ciki." Na ce ya zauna, na kunna, muka aje waya tana ƙirga lokaci muna shan shayi. Minti 30 na cika ta ɗauke ɗif, ba zafi, ba gargaɗi. Haka HM70 yake yi wa duk i3 da i5 da i7. Iyakarsa Pentium, irin 2020M. Ba man sanyaya furosesa da za a shafa, ba Windows da za a sake, sai dai a mayar da na da. Shi ya sa gwajin minti biyar a bakin shago ba gwaji ba ne.

Yanzu maganar da na fi so a ji. Kowane furosesa yana da adadin wat da aka tsara shi a kai, kuma da wannan adadin aka auna bututun jan ƙarfe da fankar da ke fitar da zafinsa. Masu M na zuriya ta biyu da ta uku wat 35 ne. Masu QM, masu ƙwaƙwalwa huɗu, wato sassa huɗu masu aiki a lokaci guda, yawancinsu 45 ne: i7-2630QM, i7-3630QM da ƴan uwansu. Wat goma ba komai ba ne a ɗaki mai sanyi a Faransa. A Damagaram cikin Afrilu da Mayu, inda inuwa ma ke wuce digiri 40, iskar da fanka ke ja da ma ta dahu. Furosesan zai hau digiri 95 zuwa sama, ya kusanci iyakarsa, wadda take 100 a zuriya ta biyu, 105 a ta uku, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, kuma ka biya kuɗin raƙumi. Na sha ganin i7 na wat 45 da ke aiki ƙasa da i5 da aka cire aka sa shi, da zarar rana ta take.

Abin da nake zaɓa ke nan. Mai i3-2310M ko i3-2350M, waɗanda ba sa ƙara gudu da kansu, ya koma i5-2520M: daga 2.5 yana hawa har 3.2 GHz, wat 35, kuma yana da yawa a kasuwa saboda ofisoshi sun yi ta sayensa. i7-2620M da i7-2640M ƙwaƙwalwa biyu ne kawai, kamar i5, bambancin gudun kaɗan ne, sunan ake sayar maka. Wanda allonsa na zuriya ta uku ne kuma lallai yana son ƙwaƙwalwa huɗu, ya nemi i7-3612QM ko i7-3632QM, su wat 35 ne. A zuriya ta huɗu makamancinsu shi ne i7-4702MQ mai wat 37, ba i7-4700MQ mai 47 ba. Sun fi wuyar samu, sun fi tsada, amma su ne za su ga damina. Duba caja kuma. Mai ƙwaƙwalwa huɗu ya fi jin daɗin ta wat 90 a kan ta 65, kuma Dell in ba ta gane cajar da aka sa mata ba, takan daƙile gudun furosesa gaba ɗaya. Cajar bogi ta sha sa mutane zargin furosesa mai lafiya.

Wajen saye, mafi aminci shi ne gawar kwamfuta: wadda allonta ya fashe ko ruwa ya kashe ta, furosesa ba kasafai yake mutuwa tare da ita ba. In daga Kano za a kawo maka, ka rubuta cikakken suna har harafin ƙarshe, kar ka ce "i7" kawai. In ya zo, ɗaga shi ga haske ka bi layin ƙafafun da ido, ko ɗaya kar ta karkace. A jikinsa akwai ƙaramar lamba mai farawa da SR, ka bincika ta a intanet ka ga ta yi daidai da sunan da aka faɗa maka. In ka ga an rubuta Intel Confidential, na gwajin kamfani ne, mayar masa da abinsa. Kuma a yi sharaɗi tun farko: in bai tashi ba, a dawo da kuɗi.

BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin babban allo mai tayar da kwamfuta, ake fara sabuntawa, tun tsohon furosesa na ciki, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Batir ya cika, caja a jone, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan aikin kuma batir ya mutu, babban allon na iya tafiya. Kwamfutar da batirinta ba ya riƙe caji, a aro mai kyau tukuna.

Sai aikin hannu. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, cire batir, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci. Yi aiki a kan tebur, ba a kan darduma ko bargo ba, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe har mutum yana jin tartsatsi in ya taɓa ƙarfe. Taɓa ƙofar ƙarfe ko ƙafar tebur kafin ka sa hannu ciki. EliteBook 8460p da 8470p suna da sauƙin kai: ka ja makulli, murfin ƙasa ya zame, ga fanka ga bututu a gabanka. T420 da T430 sai an ɗaga madannai da abin da ke kewaye da su. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, notuna kuma ka jera su a faranti yadda ka ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere yana huda abin da ke sama.

Zare igiyar fanka ta kan filoginta, ba ta wayoyin ba. Notunan da suka danne furosesa suna da lamba 1 zuwa 4 a gefensu. Sassauta su kaɗan-kaɗan daga 4 zuwa 1. In tsohon mai ya bushe ya kama, murɗa bututun a hankali dama da hagu har ya saki, kar ka fizge. Tsakanin fanka da haƙoran da iska ke fita za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama tabarma, mai launin ƙasar garin nan. Cire ta da buroshin haƙori busasshe. Sau da yawa wannan tabarmar ce rabin nauyin da ake kuka da shi.

A gefen gurbin akwai noti mai tsaga ɗaya, da hoton kwaɗo a buɗe da a rufe. Juya shi rabin zagaye zuwa buɗe, za ka ga farantin gurbin ya ɗan matsa. Ɗaga furosesa ta gefuna, tsaye. A kusurwa ɗaya ta sabon akwai alama mai kusurwa uku ruwan zinare, a gurbin ma akwai irinta. Daidaita su ka sake shi, da nauyinsa zai faɗa. In sai ka danna, to ba daidai yake ba, ɗaga ka sake dubawa. Ɗora yatsa a gefensa ka mayar da notin zuwa rufe. Wanda ya manta wannan juyin zai haɗa komai ya kunna ya ga duhu.

Goge tsohon mai daga jan ƙarfen da alkol mai ƙarfi na farmasi da ƙyalle mai tsabta, ka bari ya bushe. Ɗiga sabon mai kamar ƙwayar shinkafa a kan madubin furosesa, wato ɗan guntun mai sheƙi da ke samansa. Ni Arctic MX-4 nake sawa in na samu na gaske. Farin nan mai arha da ake sayarwa a ɗan kwalba, bazara ɗaya ke busar da shi, man goge baki kuwa da wasu ke shafawa kar ma a fara. Mayar da bututu, ɗaure notuna daga 1 zuwa 4, kowanne juyi kaɗan sannan ka zagayo, domin madubin nan tsirara yake, matsi a gefe ɗaya yana fasa shi. Jona fanka. A tashin farko wasu sukan kunna su mutu su sake kunnawa da kansu, ba matsala ba ce. Shiga BIOS ka ga sabon suna.

Abu ɗaya da canjin nan ba zai ba ka ba shi ne Windows 11 ta hanyar da Microsoft ta amince, don ita daga zuriya ta takwas take farawa, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Wanda wannan ne burinsa ya tara kuɗin ya sayi wata.

Gwaji da rana ake yi, bayan azahar, ba da dare ba. Buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin furosesa, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na awa ɗaya cur, kana kallon zafi da gudu tare. In tana tsayawa ƙasa da digiri 85, ta yi. In tana taɓa 95 gudun kuma na faɗuwa, sake duba zaman bututun da man. In duk da haka ba ta sauka ba, shiga saitin wuta na Windows ka mayar da iyakar ƙarfin furosesa daga 100% zuwa 99%. Wannan yana hana shi ƙarin gudun nan na kansa, zafin ya ragu sosai, kuma ƙwaƙwalwa huɗun suna nan. Ɗaga bayan kwamfutar da ɗan katako don iska ta shiga ta ƙasa. Tsohon furosesan kuma kar ka sayar tukuna: soka ƙafafunsa a soso, ka aje a gwangwani har watan Mayu ya wuce.