Kurakuran da ke durƙusar da ofisoshin samar da aiki a Kano, da yadda ake gyara su

Ofishin samar da aiki yana tsaye ne tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba: mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke son leburori goma sha biyar kafin Litinin, da matashi a Kurna ko Ɗorayi da ya gaji da zaman majalisa. Dukansu biyun ofishin suka sani, kuma shi za su kama ranar da abu ya ɓaci. Masu neman aiki ba sa yankewa, ko yau aka buɗe ƙofa sai benci ya cika. Abin da ke rufe ofis yawanci wasu 'yan abubuwa ne da aka yi wa riƙon sakainar kashi tun ranar farko.

Na farko shi ne ɗaukar takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, a matsayin lasisi. Rajista suna kawai ta ba ku. Izinin nema wa wani ma'aikata yana hannun Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ƙarƙashin Dokar Ƙwadago, kuma lasisi ne mai wa'adi da ake sabuntawa. Wanda zai riƙa ba da masu gadi masu inifom yana buƙatar wani lasisin na daban, na kamfanonin gadi masu zaman kansu, wanda hukumar Sibil Difens ke sa wa ido. A manna kwafin kowanne a bango inda mai shigowa zai gani, a rubuta ranar ƙarewarsa a kalandar ofis, a fara shirin sabuntawa da saura wata uku. Manyan kamfanoni kan nemi ganin lasisin kafin su sa hannu, kuma wanda nasa ya ƙare yakan ji labarin kwangilar a bakin wani.

Sai kuɗin fom. Nan ne sunan ofis ke fara lalacewa a unguwa. An karɓi dubu biyu ko uku daga mutum ɗari biyu, gurbin aiki kuwa goma ne. Goma sun samu sun yi shiru, ɗari da casa'in suna yawo da labarin cewa an ci kuɗinsu, kuma gaskiyarsu. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa ba a kan mai neman aiki ake ɗora kuɗin ba. La'ada a wurin kamfanin da aka yi wa hidima ake karɓa. Haka nan al'adar kwashe albashin watan farko gaba ɗaya: mutumin da ya ci bashin kuɗin mota na kwana talatin, aka kuma ce masa ba shi da ko sisi a ƙarshen wata, ba ya kai wata na biyu, sai a koma neman wani a madadinsa kyauta.

To amma in ba a karɓa daga mai nema ba, dole lissafin da ake yi da kamfani ya fita daidai, kuma nan ne aka fi yin kuskuren da ba a gani sai ya yi nisa. Mu ɗauki misali. Kamfani ya ce ofis ya riƙe masa ma'aikata talatin, shi zai riƙa biyan naira 75,000 a kan kowane mutum a wata, ofis ya biya su albashi. Mai ofis ya duba ya ga mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, ya ce ai ga dubu biyar-biyar sau talatin, naira 150,000 ke nan duk wata, ya sa hannu yana murna. Bai sa kashi 10 cikin 100 na fansho da Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ba, wato naira 7,000 idan a kan dukan albashin aka lissafa. Bai sa kashi 1 cikin 100 na NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ba, wanda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta, naira 700. Tun kafin a zo kan inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fanshon ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, da inifom, da katin shaida, da albashin wanda zai riƙe gurbin mai hutu, kowane mutum ya riga ya kai naira 77,700. Ofis na asarar naira 2,700 a kan kowa, sau talatin, naira 81,000 duk wata.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Ana cire kashi 8 cikin 100 na ma'aikaci, naira 5,600, amma ba a tura wa kamfanin fanshonsa, da shi ake toshe ramin. Doka ta ce a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da aka riƙe ba a kowane wata. Ranar da ma'aikaci ɗaya ya je ya duba asusunsa ya tarar fayau, kafin la'asar sauran ashirin da tara sun ji. Gyaran shi ne a rubuta wa kamfani farashi layi-layi: albashi, fansho, NSITF, inshora, kayan aiki, sannan la'adar ofis a layinta daban. Kamfanin da ya ƙi wannan lissafin so yake ofis ya karya doka a madadinsa, gara a bar masa kwangilarsa. Kada kuma a fake da cewa dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba. Idan ofis ne ke biyan albashin, mutanen da ke cikin littafinsa za a ƙirga, ko da uku-uku ya raba su a shaguna.

A cikin yarjejeniyar da ake yi da kamfani ne kuma ake mantawa da ranar biya. Kamfani ya ce sai bayan kwana talatin ko arba'in da kai masa takardar neman kuɗi zai biya, ma'aikaci kuwa ranar 28 yake sa ran jin ƙarar wayarsa. Ofishin da ba shi da ajiyar albashin wata ɗaya, ko biyu in da hali, kada ya karɓi aikin riƙe ma'aikata. Ya tsaya a kan nemo mutum ya miƙa, ya karɓi la'adarsa sau ɗaya.

Batun garanto ya zama wasa a ofisoshi da yawa. A ba yaro fom, ya tafi, ya dawo da sa hannu da hoto, a sa a fayil. Ba wanda ya ga mutumin, ba wanda ya san ko ya san an sa sunansa. Sai ranar da direba ya ɓace da mota a kira lambar a ji ta a kashe. Garanto na gaskiya ana zuwa a same shi a gidansa ko shagonsa, a gaisa, a ce masa: "Alhaji, wane ya ce kai ne ka tsaya masa. Ka san aikin da za a ba shi? Ka san abin da zai hau kanka in wani abu ya salwanta?" In ya fara cewa ai ɗan unguwa ne kawai, yana dai ganinsa a masallaci, to an sami amsa. A nemi biyu, ɗaya ɗan'uwa na jini, ɗaya wanda ba dangi ba mai sana'ar da aka san wurinta. Tsohon wurin aikinsa ma a nemo lambarsu ta wata hanya, kar a dogara da wadda shi ya bayar, don sau da yawa abokinsa ne zai ɗauka ya yi muryar manaja.

Takarda ba ta tuƙi. Direba a duba lasisinsa na hukumar kiyaye haɗurra, ajinsa da ranar ƙarewarsa, sannan a sa shi a mota a bi da shi cunkoson Kantin Kwari, a ce ya yi ribas ya faka tsakanin motoci biyu. Mai neman aikin sito a ba shi katan hamsin na kaya iri uku ya ƙirga ya rubuta. Mai walda a ba shi ƙarfe biyu. Minti ashirin na gwaji ya fi hira ta awa guda. Kuma kada a riƙe wa kowa ainihin takardar makarantarsa a matsayin jingina. A duba ta, a ɗauki kwafi, a mayar masa a take.

Da an yi maganar kwafi, a tuna da yadda ake watsa takardun mutane a zaurukan WhatsApp: hoto, lambar NIN, adireshin gida, har da na 'yan mata masu neman aikin shago. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi ƙaramin ofis kamar yadda ta shafi banki. Fayil ya zauna a durowa mai makulli, wayar ofis ta zama daban da ta ma'aikaci, a tura wa kamfani bayanin mutanen da aka zaɓa kaɗai.

Wani kuskuren shi ne tura mutum aiki da baki. "Je ka wurin wane, za ka fara gobe." Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce kafin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana irin aikin, albashi, sa'o'i, hutu da yadda za a rabu. Babu dalilin jiran wata ukun. A ba shi tun ranar farko, a karanta masa da Hausa, a fayyace masa wanene ubangidansa, ofis ko kamfani, domin a kan wannan tambayar ce shari'u da dama ke juyawa a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wa'adin sallama ma a rubuce yake a sashe na 11: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga biyar zuwa sama. Bayan shekara cur yana da hutun aƙalla kwanakin aiki shida da albashinsa.

Yanzu unguwa. Akwai masu ganin hulɗa da jama'a ita ce a kai wa mai unguwa kalanda, a raba shinkafa da azumi. Wasu kuma su miƙa wa mai unguwa ko kansila gurbi biyar ya cike da wanda ya ga dama. Na biyun ya fi muni, don wanda ya shigo ta hannun babba ba ya jin tsoron kora, kuma korarsa faɗa ne da wanda ya kawo shi. Mai unguwa shaida ake nema a wurinsa: yaron nan ɗan gidan wa ne, tun yaushe suke nan, an taɓa kawo ƙararsa? Zaɓe kuwa na gwaji ne. In gurbi ya samu, a sanar a fili, a allon ofis, a bakin masallaci bayan an nemi izinin liman, a ƙungiyar matasa da makarantun Islamiyya na matan aure, tare da adadin mutanen da ake so da ranar rufewa. Waɗanda ba su samu ba a kira su a faɗa musu dalili. Wannan kiran na minti biyu kusan ba wanda ke yi, alhali shi ne ke hana a ce ofis na 'yan uwa da abokai ne.

Hidimar da unguwa ta fi amfana da ita ba ta cin kuɗi sosai: safiyar Asabar ɗaya a wata, a ari aji a makarantar firamare, a koya wa matasa rubuta takardar neman aiki shafi ɗaya, da yadda ake amsa tambaya a gaban manaja, da yadda ake gane tallan aikin bogi. Ofis ma riba yake ci, don a nan yake ganin wanda ya zo da wuri.

Sanin unguwa ne kuma ke hana tura mutum inda ba zai ɗore ba. Wanda ke Rijiyar Lemo aka ba shi aiki a Challawa zai hau adaidaita sahu fiye da ɗaya zuwa, haka dawowa. A zauna da shi a lissafa kuɗin mota na kwana ashirin da shida. In ya haura kashi ɗaya bisa uku na albashin, a nema masa kusa, ko a tambayi kamfani ko yana da motar ma'aikata. Lokacin sallar Juma'a, aikin dare a watan azumi, da lokacin tashin mata kafin magariba, duk a gama maganarsu da kamfani kafin a tura kowa. Macen da za ta yi aikin da ke kai dare, a tabbatar gidansu sun sani sun yarda, in ba haka ba sati biyu za ta yi. Sannan damina: 'yan ci-rani suna cika gari bayan girbi, da ruwa ya sauka wajen Mayu ko Yuni su koma gona. Ofishin da ya cika kwangilar shekara da su tun Janairu zai wayi gari rabin mutanensa sun tafi. A tambaya tun farko ko mutum yana noma, a ajiye sunayen 'yan gari na ko-ta-kwana.

Abu biyu kuma ba a ko kusantarsu. Ƙananan yara 'yan aikatau da ake kwasowa daga ƙauye: dokar hana safarar mutane ta 2015 ta mayar da sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi, kuma NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da safarar mutane, na da ofishin shiyya a Kano. Sai tura mata aikatau Saudiyya da bizar Umara, wanda ƙarshensa zaman takari ne da gudun 'yan sanda. Kai ma'aikaci waje yana da nasa izinin daga ma'aikatar ƙwadago, lasisin cikin gida bai isa ba.

Cikin ofishin kansa, yadda ake biyan ma'aikata ne ke jawo rabin waɗannan kurakuran. Jami'in da ake ba kamasho a kan kowane mutum da ya tura zai tura kowa, ko gurgu ne aikin dako. A raba kamashon biyu, rabi ranar da mutum ya fara, rabi in ya cika wata uku. Daga nan jami'in da kansa zai riƙa bibiya: kira da yammar ranar farko a ji ko an karɓe shi, leƙawa a ƙarshen makon farko, kira washegarin ranar albashi a ji nawa ya shigo, sannan zama da shi da mai kula da shi a wata na uku. A ajiye littafin ƙorafi mai gida huɗu a jere a kowane shafi, kwanan wata, mai ƙorafi, abin da ya faru, abin da aka yi, mai ofis ya riƙa duba shi duk ranar Alhamis kafin a tashi.