Kafin ka yi ta kokawa da chcon, fara duba seclabel tukuna

Toh jama'a masu riƙe da saba ta Linux a nan Kano, musamman masu Fedora da Rocky da AlmaLinux, akwai matsalar da kullum sai an kawo ta, wai SELinux, tsarin tsaron da ke cikin Linux, ya hana Apache, manhajar da ke fitar da shafin yanar gizo, karanta fayil, an buga chcon, umarnin sauya lakabin fayil, ya ce "Operation not supported", shikenan sai mutum ya fusata ya buga setenforce 0 ya tafi abinsa. Malam wannan ba gyara ba ne, kashe tsaron ka yi gaba ɗaya.

SELinux dai hukumar NSA ta Amurka ce ta fitar da shi a 2000, ya shiga kanal (kernel, wato zuciyar tsarin) ɗin Linux 2.6 a 2003, kuma aikinsa kan lakabi yake, kowane fayil da nasa, irin httpd_sys_content_t da ake sa wa fayilolin da Apache zai karanta. A tsarin fayil irin ext4 da XFS da Btrfs lakabin yana zaune ne a cikin diski, a xattr, wato ƙarin bayanin da ake maƙala wa fayil, mai suna security.selinux. Amma ba kowane tsarin fayil ne ke da wurin ajiye shi ba, shi ya sa kanal ɗin da kansa yake gaya maka. Buga grep seclabel /proc/mounts, duk layin da ka ga kalmar seclabel a ciki to can ana iya sauya lakabi, inda babu kuma kar ka wahalar da kanka.

Kuskuren da ya fi yawa kenan, filash. Ka sayo filash a Farm Centre ko Beirut Road, yawanci da FAT32 ko exFAT yake zuwa, ka zuba fayilolin shafinka a ciki ka jona a saba kana so Apache ya karanta. FAT ba shi da xattr sam, don haka dokokin SELinux (policy) ne suke ba duk abin da ke ciki lakabi ɗaya ta hanyar wata doka mai suna genfscon, a vfat, sunan da Linux ke kiran FAT, za ka ga dosfs_t a ko'ina idan ka buga ls -Z. Ko sau nawa za ka buga chcon ba zai ci ba, restorecon, mai mayar wa fayil lakabin da doka ta ba shi, ma tsallake shi zai yi. Gyaran shi ne ka ba shi lakabi tun wajen jonawa, mount -o context=system_u:object_r:httpd_sys_content_t:s0, sai duk filash ɗin ya ɗauki wannan. Lura fa, ba a rubuta komai a diskin ba, ka cire ka sake jonawa ba tare da context ba ya koma yadda yake, kuma da context ɗin ma chcon ba zai yi aiki a kan fayil ɗaya-ɗaya ba. Idan lakabin yana da waƙafi a ciki kamar s0:c1,c2 sai ka sa shi cikin alamar zance, in ba haka ba mount zai raba shi gida biyu. Ni a ganina ma in aikin na dindindin ne kawai ka mayar da diskin ext4 ka huta.

Wasu kuma dabara suke, su je /etc/fstab, fayil ɗin da ake jera diskokin da za a jona, su rubuta seclabel da hannu. Ba ya ƙara komai wallahi, rahoto ne kanal yake ba ka, ba umarni ba ne da kai za ka ba shi.

Sai NFS, hanyar jona folda daga wata saba ta netwok, nan ma ana shan wuya. A da duk abin da ya zo ta NFS nfs_t ne kawai. Lakabi na gaske sai da NFS 4.2, kanal 3.11 na 2013 ya kawo shi, kuma dole ka sa security_label a /etc/exports na sabar, sannan ka jona da vers=4.2, rabi-rabi ba ya yi. In ba ka son duk wannan, setsebool -P httpd_use_nfs 1 ya ishe ka.

Akwai kuma inda seclabel yana nan lafiya lau amma har yanzu an hana ka, nan laifin mv ne galibi. Ka ɗauko fayil daga foldarka ta home ka yi mv, wato ka matsar da shi, zuwa /var/www/html, ya tafi da tsohon lakabinsa na user_home_t, alhali da cp ka yi da ya gaji na sabon wurin. restorecon -Rv /var/www/html zai gyara. Kuma don Allah a rage dogaro da chcon ko a inda yake ci, ranar da aka sake lakabin diski duk zai goge, semanage fcontext -a -t ka sa dokar sannan restorecon, wannan ne mai zama. Haka wajen bakof, tar sai da --selinux, rsync sai da -X, in ba haka ba lakabin ba zai bi fayilolin ba.

In ka daɗe da kashe SELinux kana so ka dawo da shi, ka sake kunna shi tukuna, sannan touch /.autorelabel ka yi ribut don a sake lakabin diskin, amma ka tabbata inbata ta cika ko janareta na kunne, don in diskin babba ne yana ɗaukar lokaci. Masu Ubuntu kuma kar ku tsaya neman seclabel, ku AppArmor gare ku, shi da hanyar fayil yake aiki ba da lakabi ba.