Yadda za ki yi karatun jinya kina riƙe da aikinki

Tun farko gara ki sani, ƙanwata: makarantar koyon aikin jinya ba ta san kina da wani aiki ba, kuma ko ta sani ba ruwanta. Da safe kina aji ko ɗakin marasa lafiya, da yamma kina bita, wani makon kuma a asibiti za ki kwana. Ni na yi nawa karatun ina tsaron shagon kemis a unguwarmu, daga baya na yi digiri ina aikin nas, don haka ba zan ce miki ba ya yiwuwa ba. Yana yiwuwa, amma aikin ne zai riƙa sassauta miki, makarantar ba ta sassauta wa kowa. Da mace nake magana don mu muka fi yawa a aji, maza ma sai ku tsinci naku a ciki.

A tsarin shekara 3 da muka yi, wata 6 na farko shi ake kira PTS, kuma nan ne ake tankaɗe da rairaya. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda ɗalibai ke ce wa Kansul, tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta yi wa rajista. Makarantu kuwa sukan ɗebi fiye da haka, sai jarrabawar ƙarshen PTS ta raba gardama. Wadda ta faɗi ta haɗa kayanta. Yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin ND da HND na shekara 4, ana shiga ta JAMB, amma ko ta wace ƙofa kika shiga, zangon farko shi ne mai zafi. A nan ake zuba miki ilimin sassan jiki, ƙasusuwa 206 da sunayensu, da yadda zuciya da ƙoda ke aiki, duk da wani irin Turanci da ba ki taɓa ji a sakandare ba. Ga shi wasu makarantun sai kin kwana a ɗakin ɗalibai. Shawarata ita ce ki ajiye aikin gaba ɗaya a wannan zangon. Taura biyu ba ta taunuwa a PTS. Ki nemi uzuri wurin mai shago, ko ki kawo ƙanwarki ta riƙe miki wurin.

Ke nan shirin kuɗi tun kafin a fara zai soma. Ki shiga adashe da wuri, ki roƙi uwar adashe ta sa kwasarki ta faɗo a watan biyan kuɗin makaranta. Kuma kada ki tsaya kan kuɗin makaranta kaɗai wajen lissafi. Akwai yunifom, farin takalmi, agogon ƙirga bugun jini, abin sauraron ƙirji, kuɗin rajistar Kansul, kuɗin mota zuwa wuraren da za a tura ku, sannan a ƙarshe kuɗin jarrabawa da buga kundin bincike. Waɗannan ƙananan su ke karya mutum, don ba sa sallama kafin su shigo. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND wanda babu ruwa a kansa, na ɗaliban makarantun gwamnati; ki tambaya a ofishin makarantarku ko tana ciki.

Idan ma'aikaciyar gwamnati ce ke, kamar 'yan'uwanmu masu takardar CHEW, wato ma'aikatan lafiyar al'umma, da ke aiki a ƙananan asibitocin ƙaramar hukuma, to ki nemi hutun karatu da albashi. Sai an tabbatar da ke a aiki tukuna, za ki kuma sa hannu cewa za ki dawo ki yi musu aiki bayan kin gama. Ki fara bin takardar tun ranar da kika sayi fom, don fayil a ofis ba ya tafiya da ƙafarsa. Abin da ba na so ki yi shi ne tafiya a kan maganar baka, wai oga ya ce je ki, zan rufa miki asiri. Oga ana yi masa canjin wurin aiki, kuma ranar da masu tantance ma'aikata suka zo, takarda za su nema.

Ga wadda ba ta gwamnati ba, aikin da ya dace shi ne wanda za ki iya matsar da lokacinsa: tsaron kemis ko shagon POS da yamma, ɗinki, kitso da lalle a ƙarshen mako, koyar da yara darasi a gida, sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Koyarwa a makarantar kuɗi da safe ba za ta haɗu da wannan karatu ba, kada ma ki gwada. Ni na fi son kemis saboda dalili ɗaya. Duk maganin da na ɗauko daga kanta sai na juya kwalin na karanta ainihin sunansa da ƙarfinsa, na zare takardar ciki na duba illolinsa. Da muka zo darasin magunguna, wanda ke sa ɗalibai kuka, sai na tarar da yawansu tsofaffin sani ne.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma ina so ki buɗe kunne. Da zarar unguwa ta gan ki da farin kaya, kin zama malamar asibiti. Za a fara aiko yara: wai ki zo ki yi wa Hajiya allura, ki sa wa Baba ƙarin ruwa. Wani mai kemis da na sani har cewa yake a raba kuɗin biyu. Ki ce a'a, da ladabi, ki nuna musu hanyar asibiti. Lasisin ƙaramin kemis bai ba da izinin yin allura ba, ke ma ɗaliba ce, hannunki ba ya taɓa majinyaci sai ƙarƙashin idon nas mai lasisi. In allura ta zo da tsautsayi, waɗanda suka roƙe ki su za su fara kiran sunanki, makaranta kuma ba za ta tsaya miki ba. Haka ƙananan asibitocin kuɗi da ke ɗaukar ɗalibai aikin dare don arha, su bar yarinya ita kaɗai da mai naƙuda. Kuɗin da suke bayarwa bai kai wannan kasadar ba.

Da an fara tura ku asibiti, rayuwarki ta koma hannun jadawalin aiki. A inda na yi, kashi uku ne, safe da yamma da dare, kuma na daren shi ya fi tsawo. Ranar da aka liƙa jadawalin ki ɗauki hotonsa, ki kai wa mai aikinki a ranar, ku zauna ku tsara watan. Ki ce masa, ranka ya daɗe, wannan makon dare nake, ba za ka gan ni ba, amma Asabar da Lahadi mai zuwa ni zan buɗe ni zan rufe. Mutum yana haƙuri da abin da aka gaya masa da wuri. Musanyar duti da abokiyar karatu halal ce in sista mai kula da ɗakin ta sani ta kuma rubuta. Ta bayan fage kuwa, ranar da ƙawar taki ta makara, sunanki ne a takarda. Kuma kada ki je wa metiron, wato shugabar nas-nas, da zancen shago a matsayin uzuri. A wurinta wannan ba uzuri ba ne, ƙarar kanki kika kai. Kwanakin fashi ana ƙirga su, ana biyan su, in sun yi yawa su ja miki maimaita zango.

Karatun kansa ba za ki samu dogon zama irin na sauran ɗalibai ba, sai ki koyi tsintar lokaci. Bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, nan nake karanta sabon abu mai wuya. Sauran yini na bita ne. Ina yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, suna cikin jakata; in ciniki ya lafa na zaro. Wata dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce na ɗauki muryata a waya ina bayyana darasi da Hausa, kamar ina yi wa kakata bayanin yadda jini ke zagaya jiki, sai na saurara a adaidaita sahu. Duk inda harshena ya sarƙe, na san wurin ban gane shi ba, hadda kawai na yi. Lissafin ƙarin ruwa kuma ki maimaita shi har ya zauna: leda mai mil 500 da za ta shiga cikin awa 4, da layin da ke ba da ɗigo 20 a kowane mil, kusan ɗigo 42 ke nan a minti. Ki riƙa canza alƙaluman kina gwada kanki.

Barci ne abin da masu aiki ke fara ci bashi, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba. Kada ki sauka daga aikin dare ki wuce shago. Wadda ba ta yi barci ba ita ke karanta 5 a matsayin 50, ita ke soka wa kanta allurar da aka yi wa wani. Ki rufe ƙofa, ki kashe waya, ki gaya wa mutanen gida wannan barcin yana cikin karatun. In da aure da yara, a yi wannan maganar da maigida da iyaye tun kafin ki karɓi takardar shiga: wa zai kai yara makaranta, wa zai ɗora tukunya a makon dare. Biki da suna kuwa, ki aika da gudummawa da ban haƙuri. Za a yi gunaguni, zai wuce.

Littafin da sista ke sa wa hannu duk lokacin da kika yi wani aiki a gabanta, wankin ciwo ne ko sa robar fitsari, ki nemi sa hannun a ranar, kafin ki cire yunifom. Masu aiki su suka fi barin shi ya taru don kullum sauri suke, sai a ƙarshe ki gan su suna farautar sistar da aka mayar wani gari. Rahoton kula da majinyaci ɗaya da kundin bincike su ma ki fara su da wuri, shafi-shafi.

Jarrabawar Kansul ta aikin jinya ana yin ta a Mayu da Nuwamba. Akwai ta kwamfuta, akwai ta aiki da hannu da ake kira OSCE, inda za ki bi tasha-tasha ana duba ki da agogo. Wata biyu ko uku kafin ita ki sake ajiye aiki kamar yadda kika yi a PTS, da kwasar adashe ta biyu a hannu. OSCE ba a karanta ta a kan benci. Sai kin je ɗakin gwaji ke da abokan karatu, ɗaya ta kwanta ɗaya ta yi, kuna faɗar kowane mataki da baki tun daga gaisuwa da wanke hannu.

In lasisi ya zo hannu, haɗa aiki da karatu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara ɗaya zuwa wata 18, kamar jinyar ƙashi a Dala ta Kano ko jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, su ma da hutun karatu ake zuwa. Digiri kuwa, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ɗaukar masu lasisin jinya, kina aikinki kina yin ayyukan darasi ta intanet. Abin da za ki kiyaye shi ne ranakun jarrabawa: da an fitar da su ki kai wa mai tsara jadawalin ɗakinku kafin ta rubuta na watan, ki kuma ɗaura hutunki na shekara a kan wannan lokacin.