Yadda Ake Yin Kwanon Ado Da Tsofaffin Jaridu

Yawancin masu koyon wannan aiki ba a wajen liƙa takarda suke faɗuwa ba, a wajen shanya ne. Mutum zai jibga takarda hawa takwas a zama ɗaya, ya taɓa ya ji sama ta bushe, ya shafa fenti. Bayan mako guda kwano ya fara wari, baƙin ɗigo-ɗigo ya ɓullo ta ƙarƙashin fentin. Danshin da aka kulle a ciki ne ya zama funfuna, kuma in ta kama, sai dai a zubar.

Fara da gam. Fulawa kofi 1, ruwa kofi 5. Dama fulawar da kofi ɗaya na ruwan sanyi har gudajin su mutu, ka juye cikin sauran ruwan yana tafasa, kana motsawa kamar minti 3. Sa gishiri babban cokali 1, yana rage saurin funfuna, sannan ka bari ya huce. Wasu ɗanyen kwaɓi suke amfani da shi, ni ban yarda da shi ba, don yana barin farin gari a jikin aiki. Mai farin gam irin na kafintoci ya sirka shi da ruwa, ya fi ƙarko kuma ƙwari ba su cika binsa ba, sai dai zai ci kuɗi a aikin da ya kamata ya zama kusan kyauta.

Jarida yagawa ake yi, ba a sa mata almakashi, domin bakin da aka yaga ya fi kwanciya a kan ɗan'uwansa. Gwada yagawa ta tsaye da ta kwance, za ka ga ta ɓangare ɗaya ne take tafiya a miƙe. Bi wannan ɓangaren, faɗin kowane yanki kamar yatsu biyu.

Kifa robar da kake son siffarta, ka lulluɓe bayanta da leda mai laushi. Tsoma yanki a gam, ka ja shi tsakanin yatsu biyu ya tsane sosai, ka shimfiɗa, ka danne iskar da ke ƙasa. Hawa na farko a tsaye, na biyu a gicciye.

To, a hawa na uku ka tsaya. Uku kawai, ko da gam ya rage, ko da hannu bai gaji ba. Ajiye shi a inuwa inda iska ke wucewa, a ƙalla kwana ɗaya, in gari da laima kuwa har biyu. Kada ka kai shi rana mai zafi ko kusa da wuta, saman zai ƙame, ciki na nan jiƙe, baki kuma ya karkace. Ido ba ya gane bushewa a nan. Ɗora bayan hannunka a gindin kwanon, wurin da ya fi kauri: in ka ji sanyi-sanyi, da sauran ruwa. Danna da babban yatsa, in ya lotsa ko kaɗan, ƙara masa kwana. Sai ya yi ƙarar kwali in an ƙwanƙwasa, sannan a ƙara wasu hawa ukun. Gam ɗin da ya kwana ya fara tsami kuma, a dama sabo.

Hawa 6 zuwa 9 sun isa. Na ƙarshe ka yi shi da farar takarda, irin ta tsohon littafin rubutu, don kada rubutun jarida ya riƙa leƙowa ta cikin fenti. Bayan ka cire robar, ɗaga kwanon ya sake shan iska yini guda, saboda ɓangaren da ya kwanta a kan leda bai taɓa samun iska ba. Nan ma mutane da yawa suke gaggawa.

Daidaita bakin da almakashi, ka naɗe shi da ƙananan yankunan takarda, ka goge da samfefa mai laushi. Farin fenti tukuna, sai launin da kake so, sai banish hawa biyu ciki da waje. A zuba makullai, zare ko maɓallai a ciki, amma ban da ruwa ko wani abu mai danshi.