Kurakuran da aka fi yi wajen gane ɓangaren faifai a Linux

Babban kuskure shi ne rubuta /dev/sdb1 a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux ɓangarorin faifan da zai haɗa idan kwamfuta ta tashi, a zaci sunan na dindindin ne. Linux na raba haruffan nan ne gwargwadon wanda ya riga bayyana yayin da kwamfuta ke tashi: na farko sda, na biye sdb. Ka manta filash a jiki ka kunna, ko ka sauya ramin SATA da ake jona faifai, sai faifan ajiyarka ya wayi gari sdc. Faifai irin na NVMe ma bai tsira ba, domin nvme0n1 da nvme1n1 kan yi musaya.

Maganinsa UUID, wato lambar shaida ta musamman da kowane tsarin fayil ke ɗauke da ita. Buga sudo blkid ko lsblk -f, ka kwafi lambar, ka rubuta layin kamar haka:

UUID=lambar /ajiya ext4 defaults 0 2

A nan ma akwai tarko, don blkid na nuna UUID da PARTUUID a layi guda. Na farkon yana cikin tsarin fayil ne, na biyun a teburin rabon faifai. Wanda ya sa lambar wannan da sunan wancan, systemd, manhajar da ke tayar da tsarin, zai yi jiran daƙiƙa 90, sannan ya jefa shi yanayin gaggawa.

Fomat kuma na sauya UUID, ko da umarnin mkfs aka yi ko da mkswap. Swap, ɓangaren faifan da ke tallafa wa RAM, shi aka fi mantawa da shi, musamman idan an girka Linux na biyu ya sake yi masa fomat. A sa sabuwar lambar a fstab, a Debian da Ubuntu kuma a leƙa /etc/initramfs-tools/conf.d/resume, sannan update-initramfs -u.

Wanda ya fi haɗari shi ne kwafin faifai da dd ko Clonezilla. Kwafin na zuwa da lambar asalin, sai faifai biyu su amsa suna ɗaya, kana ta aiki a kan tsohon ba ka sani ba. Sauke ɓangaren kwafin da umount; idan tsarin fayil ɗinsa ext4 ne, ka duba shi da e2fsck -f, sannan tune2fs -U random ya ba shi sabuwar lamba. Idan XFS ne, xfs_admin -U generate.

Faifan waje a ƙara masa nofail a layinsa na fstab, kada rashinsa ya hana kwamfuta tashi. In kuwa faifai sukutum za ka goge, nemo shi a /dev/disk/by-id, inda sunan ke ɗauke da samfuri da lambar masana'anta.

Kada ka sake kunna kwamfutar bayan taɓa fstab sai findmnt --verify da sudo mount -a sun wuce babu kuskure.